Rubutun bango a ajin koyon harshe: karatu ne ko koya wa yara ɓarna?

Malami ya shigo aji da hoton wata katanga da aka fesa wa fenti, an rubuta kalma huɗu da manyan haruffa masu karkace, ya ce wa ɗalibansa 'yan shekara 15 wannan ne darasin yau. Shin wannan malami harshe yake koyarwa, ko kuwa ɗaure wa ɓarna gindi yake yi? Tambayar da ke tashi ke nan duk lokacin da aka ji cewa wata makaranta ta shigar da rubutun bango, wanda ake kira girafiti, cikin darasin harshe. Iyaye da yawa da jin haka sai gabansu ya faɗi, domin abin da suka sani game da irin wannan rubutu shi ne katangar da aka ƙazanta da ban ɗakin makaranta da aka cika da zagi. Wasu malamai kuma sun karɓe shi hannu bibbiyu, suna ganin sun samo maganin hamma da gyangyaɗi a aji. A ganina duk ɓangarorin biyu fentin suka tsaya kallo, suka manta da rubutun da ke cikinsa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne me ɗalibi zai iya karantawa ko rubutawa bayan darasin wanda bai iya ba kafin a fara.

Me ake nufi da girafiti?

Kalmar daga Italiyanci ta fito, kuma asalin ma'anarta karce abu, wato a sa tsinke ko ƙusa a ja layi a jikin bango ko dutse. A yau ana faɗarta ga duk rubutu ko zanen da mutum ya yi a wurin da jama'a ke gani, galibi ba tare da izinin mai wurin ba. Sai dai abubuwa ne daban-daban aka zuba a buhu ɗaya, kuma rashin rarrabe su ne ke sa gardamar ta ƙi ƙarewa.

Akwai lakabi, wanda masu wannan harka ke kira tag. Suna ne da mai rubutu ya raɗa wa kansa, yana bin wurare yana sa shi cikin ƙiftawa da bismilla, kamar mai sa hannu a takarda. Shi ya fi yawa, shi kuma ya fi ɓata wa masu gidaje da shaguna rai. Akwai babban rubutu mai launuka, inda ake kumbura haruffa a yi musu inuwa, wani lokaci a sarƙe su har sai ɗan hannu ne kaɗai ke iya karantawa. Akwai zanen hudajjen kwali, a yanke siffa ko kalma a jikin kwali, a manna a bango a fesa fenti, salon da mai zanen bango Banksy na Ingila ya yi suna da shi. Akwai zanen da hukuma ko mai gida ya ba da izini ko ma ya biya a yi masa. Sannan akwai kalamai zalla: taken siyasa, kukan zuci, saƙon soyayya, gargaɗi, habaici. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi amfani ga malamin harshe, kuma shi ne ba a cika kawowa a rai ba idan an ambaci girafiti.

Abin da masana harshe suka daɗe suna tsinta a jikin bango

Mutane sun ɗauka wannan ɗabi'a ta 'yan zamani ce, alhali ta girme yawancin littattafan da muke karantawa. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Besubiyus ya yi aman wuta ya binne garin Pompeii na ƙasar Italiya da toka. Da aka tono garin sai aka tarar da dubban rubuce-rubuce a bangayensa: gaisuwa, zagi, lissafin bashi, sunayen masoya, baitocin waƙa, har da jerin haruffa a ƙasa-ƙasan bango, daidai tsawon hannun yaro mai koyon rubutu. Waɗannan rubuce-rubuce sun zama taska ga masu nazarin Latinanci, harshen da mutanen garin ke yi a lokacin. Marubutan fada da malamai sun bar mana harshen littafi, amma talakan da ke karce bango yana rubutawa ne yadda bakinsa ke furtawa. Yakan yar da harafin "m" a ƙarshen kalma, yakan tsallake "h", kuma daga irin waɗannan kurakurai ne aka gane yadda ake magana a titi, maganar da daga bisani ta haifi Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci. Haka ma a hamadar baƙaƙen duwatsu da ke tsakanin Siriya da Jodan, makiyaya sun bar dubun-dubatar rubutu a kan duwatsu ƙarnuka kafin zuwan Musulunci, kuma da su ake nazarin tsohon Larabci a yau.

Salon da muka sani na gwangwanin fenti kuwa a Amurka ya tashi. An ƙera fentin fesawa a 1949, sannan a ƙarshen shekarun 1960 matasan Filadelfiya da na New York suka fara yaɗa lakabinsu a bango da jiragen ƙasa. A watan Yulin 1971 jaridar New York Times ta yi labari a kan wani matashi ɗan aike mai lakabin TAKI 183, wanda ya haɗa sunan da ake kiransa a gida da lambar layinsu. Bayan labarin abin ya bazu kamar wutar daji, har hukumar jiragen ƙasa ta New York ta shafe shekaru tana yaƙi da shi kafin ta ayyana a 1989 cewa ta tsabtace taragunta. A lura da cewa waɗanda suka assasa wannan salo tsararrakin ɗaliban sakandare ne, kuma abin da suke wasa da shi haruffa ne. Yaron da aka ce ba ya son rubutu ne ke kwana yana gwada yadda zai lanƙwasa harafi guda.

Me ya kawo shi cikin aji?

Dalili na farko tsohuwar matsala ce a koyar da harshe. Jimlolin littafin makaranta an ƙirƙire su ne don a nuna wata ƙa'ida, ba wanda ya taɓa faɗarsu don yana da buƙata. Ɗalibi yana jin haka a jikinsa ko da bai iya bayyanawa ba. Shi ya sa tun shekarun 1970 masu koyar da harshe suka karkata ga kawo rubutu na gaske cikin aji, irin su jarida da tallace-tallace da takardar magani. Amma jarida tana yi wa mai koyo tsawo da nauyi. Rubutun bango kuwa gajere ne dole, domin mai yinsa yana sauri kuma mai karantawa yana wucewa ne. Kalma uku zuwa bakwai, amma akwai wanda ya rubuta, akwai wanda ake nufi, akwai abin da ya sosa ran marubucin har ya ɗauki kasada. Da wuya a samu wani rubutu da ya haɗa gajarta da nauyi haka.

Dalili na biyu daga jami'o'i ya zo. A 1997 wasu masana biyu a Kanada, Rodrigue Landry da Richard Bourhis, suka fito da nazarin harsunan da ake gani a fili, wato na allunan hanya da sunayen shaguna da sanarwar hukuma, don a gane wane harshe ne ke da ƙarfi a gari kuma wane aka danne. Waɗanda suka biyo bayansu suka faɗaɗa fagen ya haɗa da rubutun da ba na hukuma ba. Daga nan malamai suka fara tura ɗalibai su ɗauko hoton rubutun da ke kan hanyarsu ta zuwa makaranta, aikin da wayar hannu mai kyamara ta sauƙaƙa.

Akwai kuma tasirin malamin nan ɗan Brazil, Paulo Freire, wanda ya dage cewa mutum yana karanta duniyarsa kafin ya karanta kalma. A 1963, a garin Angicos, ya jagoranci koya wa manya kimanin 300 karatu da rubutu cikin 'yan makonni, ta hanyar fara da kalmomin da suka fito daga rayuwarsu. Ɗaya daga cikin kalmomin da aka fi sani a tsarinsa ita ce "tijolo", wato bulo, wadda ake rarraba ta gaɓa-gaɓa a gina wasu kalmomi da ita. Masu kawo rubutun bango aji wannan tunani suke bi, su fara da abin da idon ɗalibi ya saba gani.

Dalilin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne halin matashi kansa. Duk wanda ya taɓa karɓar littattafan ɗalibai don ya duba ya san shafin baya. Gaban littafin jimla biyu ce da ƙyar, an rubuta su kamar an sa wuƙa a wuya. Juya zuwa bangon baya sai ka ga sunan yaron an rubuta shi sau goma, kowanne da irin salonsa, an yi wa wani rawani, an ja wa wani wutsiya, a gefe kuma ga wata 'yar jimla da ba a ce ya rubuta ba. Na sha tsayawa a kan irin wannan shafi fiye da yadda na tsaya a kan aikin da na bayar. Shekarun nan ne mutum ke neman sanin ko shi wane ne, yana son a san da zamansa, yana kuma tsoron a yi masa dariya. Ajin harshe kuwa wuri ne da ake buɗe baki a yi kuskure a gaban tsara. Masanin koyon harshe Stephen Krashen ya yi bayani a farkon shekarun 1980 cewa fargaba da kunya sukan zama shamaki tsakanin mai koyo da harshen da yake ji. An yi ta muhawara a kan ra'ayoyinsa, amma wannan gaɓar duk malamin da ya tsaya gaban allo ya gan ta da idonsa.

Yadda darasin yake a aikace

A nan ne rashin fahimta ya fi yawa, domin mutane na zaton ana raba wa yara gwangwanin fenti ne a nuna musu katanga. Darasi mai kyau da karatu yake farawa.

A ɗauki ajin Faransanci. Malama ta rubuta a allo wani take da ya shahara daga zanga-zangar ɗalibai ta watan Mayun 1968 a Faris: "Il est interdit d'interdire". Ma'anarsa an hana hanawa. Kalma kaɗan ne, kuma an gina su da ginin jimlar da ke kan kowane allon gargaɗi na hukuma a ƙasar, irin su an hana shan taba, an hana ajiye mota. Ɗalibi ya koyi ginin jimlar da zai ci karo da shi kullum. Daga nan malama ta tambaya: wa ya rubuta, da wa yake, me ya sa ya ari muryar hukuma don ya yi wa hukuma magana? Sai wata ɗaliba daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to ai shi ma ya hana wani abu ke nan." Yarinyar ta kama tufka da warwarar da ke cikin jimlar, kuma za ta so ta yi gardama a kanta cikin harshen da ake koya mata. Da wuya jimlar da aka ƙaga don nahawu ta jawo irin wannan.

Haka abin yake ga mai koyar da harshen uwa. A ce malamin Hausa ya kawo hoton bangon da aka rubuta "Ba'a zuba shara anan". Ya bar ɗalibai su kalla, sannan ya ce, "Wa zai gaya mini ma'anar kalmar farko?" Ba'a dai ita ce zolaya da izgili. Abin da marubucin ke nufi shi ne "ba a", kalma biyu, ɗaya ta korewa, ɗaya wakilin sunan da ke ɓoye mai aiki. Ga kuma "a nan" da aka liƙe. A jimla guda an samu darasin raba kalma da haɗe ta, wanda shi ne ya fi kayar da masu rubutun Hausa. Wani bangon kuma an rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa", ƙugiya ɗaya ta mai da ƙasar haihuwa ta koma gazawa. Yaron da ya gano wannan da kansa a bangon da yake wucewa kullum ba zai manta da shi ba yadda yake manta dokar da aka yi masa shifta. Kuma malami na iya zarcewa: me ya sa aka ce "ba a zuba" maimakon "kada ka zuba"? Wanne ya fi ladabi, wanne ya fi tsoratarwa? Wa ke magana a jimlar da ba ta da mai magana?

Mai koyar da Larabci yana da aikin eL Seed, mai zane ɗan asalin Tunisiya da aka haifa a Faransa, wanda ya haɗa ƙayataccen rubutun Larabci da salon titi. A 2016 ya shimfiɗa jimla guda a jikin gine-gine kusan 50 a unguwar Manshiyat Nasir ta masu tattara shara a Alƙahira, kuma ba a ganinta a haɗe sai an hau dutsen Muƙaɗɗam. Jimlar, wadda ya ɗauko daga wani limamin Kiristan Masar na ƙarni na 4, tana cewa mai son ya ga hasken rana sosai sai ya fara goge idonsa. Ɗalibi zai iya shafe darasi guda yana tattauna dalilin sa wannan magana a wannan unguwa musamman.

Bayan karatu sai rubutu, kuma a takarda ake yi. Hanya mafi sauƙi ita ce a manna babbar takarda ko kwali a bangon aji, a rubuta tambaya ɗaya a tsakiya, a ba kowa alƙalamin maka ko alli, a ce ba magana na minti goma. Kowa ya rubuta abin da ke ransa, ya karanta na wani, ya ja kibiya ya ba shi amsa. Abin da ke faruwa a irin wannan shiru yana da ban mamaki. Ɗalibin da bai taɓa ɗaga hannu ba sai ka ga ya tsuguna a kusurwar takardar yana rubutu ƙanana-ƙanana, don ya san ba wanda zai juyo ya kalle shi. Daga baya wani ya zo ya ja layi a ƙarƙashin maganarsa ya rubuta "gaskiya ne", kuma wataƙila wannan ne karo na farko da wani ya amsa rubutunsa ba da jan biro ba.

Sai kuma aikin matsewa. A ce wa ɗalibi ya rubuta sakin layi a kan abin da ya dame shi, sannan ya rage shi zuwa jimla ɗaya, sannan zuwa kalma biyar da za su tsayar da mai wucewa. A wannan ragewa ne ake koyon zaɓen kalma, da amsa-amo, da magana mai harshen damo, da sanin wace kalma ce ke ɗauke da nauyin jimla. Idan an gama sai a juya aikin: ya ɗauki taken abokinsa ya buɗe shi ya zama insha'i mai shafi guda cikin daidaitaccen harshe, da hujja da misali. Wannan komowa ita ce gadar da ke haɗa bango da zauren jarrabawa. Duk darasin da ya tsallake ta bai kai gaci ba.

Hujjar masu adawa

Ba za a yi watsi da damuwar iyaye ba, domin tana da tushe. Uban da ya zo ya ce, "Malam, karatu muka kawo yaron nan ya koya, kada a koya masa ɓata bangon mutane," yana magana ne a kan doka. Rubutu a kan dukiyar wani ba da izini ba laifi ne kusan a ko'ina. A Ingila yana ƙarƙashin dokar lalata dukiya ta 1971. A Singafo dokar 1966 ta tanadi bulala, kuma a 1994 an yi wa wani matashi Ba'amurke ɗan shekara 18 bulala huɗu a kan fesa wa motoci fenti, duk da roƙon da gwamnatin ƙasarsa ta yi. A inda siyasa ta yi zafi kuwa abin ya wuce batun tara. A farkon 2011 an kama wasu yara 'yan makaranta a garin Dar'a na Siriya saboda taken adawa da gwamnati da aka rubuta a bango, kuma fushin da kamun nasu ya jawo yana cikin abin da ya kunna zanga-zangar watan Maris na shekarar. Malamin da zai nuna wa matasa hotunan bango masu burgewa bai gaya musu wannan ɓangaren ba ya ci amanarsu.

Akwai masu ganin cewa ƙaramar ɓarna ce ke buɗe ƙofa ga babba, kamar yadda ake cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasu masana biyu a Amurka, James Wilson da George Kelling, sun rubuta wannan ra'ayi a 1982, suna cewa tagar da ta fashe aka bar ta tana sanar da kowa cewa ba mai kula da wurin. Ra'ayin ya yi tasiri a aikin 'yan sanda a Amurka, ya kuma sha suka. Birnin Filadelfiya ya gwada wata hanyar. A 1984 ya kafa shirin yaƙi da rubutun bango, ya ɗauki mai zane Jane Golden, ita kuma ta jawo matasan da ke yin rubutun ta sa su zanen izini. Shirin ya rikiɗe ya zama hukumar zanen bango da ta samar da ayyuka sama da 4,000 a birnin. Wannan ya nuna cewa jan matashi a jiki kan abin da yake sha'awa yana iya zama hanyar raba shi da laifi.

Ƙorafi na gaba a kan abin da ke rubuce ne. Bango ba shi da edita. Akwai batsa, akwai cin mutuncin ƙabila da addini, akwai alamomin ƙungiyoyin daba da malami ba zai gane ba amma ɗalibansa sun sani sarai. Saboda haka idan an tura yara ɗaukar hoto, wajibi ne hotunan su bi ta hannun malami kafin a haska wa aji. Wasu kuma na tsoron cewa yawan ganin rubutu mai kuskure da sara zai lalata ƙa'idar rubutun yaro. Wannan tsoro zai tabbata idan an nuna kuskuren an wuce. Idan an tsaya an gyara, an tambayi dalilin da ya sa marubucin ya kauce, ko jahilci ne ko ganganci, to yaro ya koyi abu mai daraja, wato kowane wuri da irin harshen da ya dace da shi.

Inda haɗarin ya fi girma

Ni abin da ya fi tsorata ni bai kai bakin titi ba, a cikin aji yake. Abu ne mai sauƙi darasin harshe ya koma darasin zane ba tare da kowa ya lura ba. Awa biyu ɗalibai na shafa launi a kan kalma uku, aji ya yi tsit, kowa na murmushi, shugaban makaranta ya leƙo ya yaba, an manna kwalaye a baranda an ɗauki hoto. Amma idan aka ƙirga kalmomin da kowane yaro ya karanta ko ya rubuta ko ya furta a wannan lokaci, sai a ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Jin daɗin darasi abu ne mai kyau, amma shi kaɗai ba ya nuna an koyi wani abu. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne yawancin lokacin ya tafi kan karatu da muhawara da gyaran jimla, ado kuma ya zo a ƙarshe ko a kai shi gida.

Batun maki ma yana nan. Idan kyawun zane ne ke jawo maki, yaron da Allah ya ba hannu zai wuce, wanda ya tsara jimla mai ratsa zuciya da mummunan rubutu kuma a bar shi a baya, an zalunce shi a darasin da yake nasa. Dole a faɗa tun farko cewa kalmomin ake aunawa, da bayanin da ɗalibi zai yi na dalilin zaɓensu.

Akwai wani abu kuma da masu goyon baya ba sa son a taɓo. Ba kowane matashi ne wannan salo ke burgewa ba. Babba yakan zauna ya yanke cewa ga abin da yara ke so, ya shigo da shi aji yana kwaikwayon maganarsu, su kuwa sun fi kowa saurin gane shigar burtu. Wasu masu rubutun bango ma na ganin cewa da zarar an ba da izini an sa maki, abin ya tashi daga sunansa. Suna da gaskiya ta wani fanni, kuma malami ba ya buƙatar musanta haka. Ya ma fi kyau ya miƙa wa ɗalibai wannan tambaya su yi muhawara a kai, domin ita kanta darasi ce.

Me wannan ke nufi ga iyaye da makarantar da ba ta da hali?

Wannan hanya ba ta neman kuɗi. Alli da allo da bayan tsohon kwali sun wadatar, kuma fentin fesawa ma bai dace da aji ba, saboda sinadaran da ke cikinsa suna cutar da numfashi a rufaffen ɗaki, balle ga mai asma. Inda ɗalibai ba su da waya, sai su kwafo rubutun a littafi yadda suka gan shi, harafi da harafi, har da kuskurensa, su rubuta inda suka gani da irin mutanen da ke bi ta wurin. Kwafin ma ya fi hoto sa ido ya tsaya a kan kalma. A aji mai ɗalibai da yawa, wanda malami ba zai iya jin bakin kowa ba, takardar bango tana ba kowa damar cewa wani abu a lokaci guda.

Iyayen da suka ji an fara irin wannan darasi suna da haƙƙin su je su tambaya, kuma tambayoyin ba su da wuya. A ina yaran ke rubutun, a takarda ko a bangon da makaranta ta keɓe? Wa ke tace hotunan? An gaya musu ƙarara abin da doka ta ce game da dukiyar wani? Sannan a ce wa yaro ya kawo littafinsa. Idan bayan taken mai kalma biyar akwai shafin da ya buɗe maganar da cikakkun jimloli, kuma malami ya bi shi da gyara, to an yi darasin harshe. Idan kwali mai launi kaɗai ya dawo da shi gida, sai a koma wurin malamin a tambaye shi ina sauran aikin.